Bakan Koriya a Fim: Ina Gaskiya, Ina Kwaskwarima?

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce ka kalli War of the Arrows, fim ɗin nan na Koriya da saurayi guda mai suna Nam-yi ya ɗauki ɗan ƙaramin baka ya bi rundunar Manchu, maharan da suka shigo daga arewa, har bakin iyaka don ya ƙwato ƙanwarsa, kuma musu ya ɓarke tsakaninka da abokanka a majalisa. Su suna cewa duk ƙaryar fim ce, baka kamar na wasan yara ba zai yi wannan ɓarna ba. Kana so ka san inda gaskiya ta tsaya, da dalilin da ya sa mutanen Koriya suke yawan ɗora wa jarumansu baka maimakon takobi, da kuma fim ɗin da ya kamata ka nema a gaba.

Abokanka sun kama ɓarawo, amma ba wanda ya yi satar ba. Bakan da kibau su ne suka fi komai gaskiya a fim ɗin. Yaƙin kansa aka yi wa kwaskwarima, kuma zan zo kansa.

Na san abin da ya ruɗe su. Bakan da muka tashi muka gani a hannun maharbanmu itace ne guda, an lanƙwasa an ɗaura tsirkiya, kibiyar kyauro ce, ƙarfinta kuma yana ga dafin da aka shafa mata. A irin wannan baka, girma shi ne ƙarfi. Wanda ya saba da haka dole ya raina na Koriya, wanda tsawonsa bai wuce santimita 120 zuwa 130 ba. Sai dai shi ba itace guda ba ne. Sunansa gakgung, wato bakan ƙaho, kuma haɗi ne. Tsakiyarsa gora ce. Gefen da ke kallon maharbi an manna masa ƙahon ɓaunar ruwa da aka fere siriri. Gefen da ke kallon abin harbi an shimfiɗa masa jijiyar sa, wadda aka daka har ta zama kamar zare, ana jera ta sahu bisa sahu. Kunnuwansa biyu da mariƙinsa wasu itatuwa ne masu tauri. Abin da ya riƙe duk wannan shi ne manne da ake dafawa daga jakar iskar da ke cikin wani kifin teku, sannan a lulluɓe bayan da ɓawon itace saboda laima. Ƙaho ba ya son a matse shi, jijiya ba ta son a miƙe ta. In ka ja tsirkiya, ka matse wannan ka miƙe waccan a lokaci guda, da ka saki sai su biyun su koma mazauninsu da gudu. Ƙari a kan haka, in an kwance tsirkiyar, bakan lanƙwashewa yake yi ta baya har kunnuwansa su kusa haɗuwa, ya zama kamar zobe. Ma'ana tun kafin ka fara ja, akwai ƙarfi a ɗaure a cikinsa.

Na yi zama a Koriya, kuma a can na koyi ɗan abin da na sani na harbi, a wani filin harbi da ke gefen tsauni. Ranar da na fara ganin yadda ake ɗaura wa gakgung tsirkiya na daina yi masa kallon abin wasa. Wani dattijo ne ya zauna ya harɗe ƙafa, ga ɗan murhu a gabansa. Ya gasa hannun bakan kaɗan, ya tanƙwara shi a gwiwa, ya ɗaure shi jikin wani katako mai lanƙwasa, ya juya ya yi wa ɗayan hannun haka. Bayan tsirkiya ta hau, sai ya ɗaga bakan ya rufe ido ɗaya yana duba ko ya karkace, ya sake gasa wuri kaza, ya taka da ƙafa, ya sake dubawa. Ya fi minti ashirin a kai, bai ce da kowa uffan ba. Ni kuwa ba a ma ba ni irinsa ba. Sabon shiga bakan zamani ake ba shi, wanda aka yi a masana'anta da siffar na gargajiya, ya yi makonni yana jan tsirkiya babu kibiya, daga nan a ba shi kibiyar da aka ɗaure da igiya a jikin doguwar sanda, ya yi ta harbawa sama tana dawo masa. Babban yatsana ya kumbura ya yi baƙi kafin a bar ni in tsaya a sahu. Allon da ake harbi yana nesa da mita 145, kuma tsofaffi maza da mata suna samunsa, kana jin ƙarar dukan daga inda kake. Ka kwatanta da gasar Olamfik, inda nisan yake mita 70. To in abokanka suna shakkar ko ɗan bakan nan yana kai nisa, ka ce musu kakannin wasu suna yin haka kowace safiya don motsa jini.

Maganar babban yatsa ba ƙaramar magana ba ce. Maharbin Koriya da babban yatsa yake jan tsirkiya, da zoben ƙaho da suke kira gakji, ya danne da manuniya. Kibiyar tana kwanciya a gefen dama na bakan ga mai amfani da hannun dama, kuma yana ja har ya wuce kunne, kusa da kafaɗa. Wannan riƙo yana manne kibiya da baka ko doki yana sukuwa, kuma ɗan gajeren baka ba ya matse yatsa guda yadda zai matse uku. Fim ɗin ya kiyaye wannan, a ɓangaren Nam-yi da ɓangaren 'yan Manchu duka, domin su ma da zobe suke harbi.

Gajeriyar kibiyar nan da ya yanke a daji, ya tsaga gora ya yi mata kwararo, ita ce na san an fi ƙaryatawa, alhali ita ce ta fi kowanne shaida a rubuce. Sunanta pyeonjeon, a bakin mutane kuma aegisal, wato jaririyar kibiya. Tsawonta bai kai rabin kibiyar yau da kullum ba, don haka ba yadda za ka ja baka ya cika da ita sai da kwararon gorar, wanda ake kira tong-a. Ana ɗaure shi da ɗan zare a hannun da ke jan tsirkiya. In an saki, kibiyar ta bi kwararon ta fice, shi kuma ya tsaya yana reto a hannu. Rashin nauyinta ya sa ta fi sauri da nisa, ido ba ya saurin kama ta, kuma abokin gaba da ya hango gorar a hannunka yana iya zaton ba ka harba ba tukuna. In ya tsince ta a ƙasa ma ba ta da amfani gare shi, tun da ba shi da kwararon da zai mayar maka da ita. Fadar Joseon, daular da ke mulkin Koriya a lokacin, ta ɗauke ta sirrin soja, har a zamanin Sarki Sejong, a ƙarni na 15, an hana yin atisayenta a inda Japanawa ko mutanen Jurchen za su gani. Jurchen ɗin nan su ne kakannin Manchu, shi ya sa mamakin da suka nuna a fim ɗin bai zo mini da baƙo ba. Abin da fim bai nuna ba shi ne haɗarinta. In ta kuɓuce daga kwararon, hannun da ya riƙe baka take hudawa. Malamin da ya koya mini bai taɓa yarda in gwada ta ba. Kuma gorar da aka tsaga cikin gaggawa, ana bin mutum a baya, ni ba zan amince mata da hannuna ba.

Ɓangaren Manchu ma an yi ƙoƙari. Bakansu dogo ne, mai manyan kunnuwa masu tauri, kibiyarsu kuma doguwa ce mai kauri, ta kan kai mita guda. An ƙera shi don ya jefa abu mai nauyi daga kusa, ya fasa sulke ko ya kayar da babbar dabba, domin asalinsu mafarauta ne na dazuzzukan arewa. Saboda haka karon da fim ɗin ya shirya, sauri da nisa a hannu ɗaya, nauyi da ƙarfin duka a ɗaya hannun, haka yake a zahiri. Ko sunan ƙungiyar Jyushinta, kwamandan Manchu da ke farautar Nam-yi a fim ɗin, wato niru, kalmar Manchu ce ta gaske, ma'anarta babbar kibiya, kuma da ita suke kiran rukunin sojansu na kimanin mutum 300. Wuri guda aka yi aron riga. Kibiyar Jyushinta mai faffaɗan kai an tallata ta da sunan mai nauyin nyang shida a ma'aunin Koriya, wato sama da giram 200. Kibiya mai wannan suna ta Joseon ce, da ita ake gwada ƙarfin masu neman muƙamin soja a jarrabawa. An cire ta daga hannun mai gida an damƙa wa baƙo don ya ƙara kwarjini. Ban ga laifin haka sosai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne da aka sa 'yan wasan suka haddace harshen Manchu, harshen da masu jinsa tun daga nono a yau ba su taka kara sun karya ba, maimakon a sa su yin Sinanci ko Koriyanci da kaushin murya.

Saura harbin da ke kwana. A nan abokanka suna da gaskiya. Murɗa tsirkiya kaɗan da hannun ja, wannan ana yi, amma amfaninsa ya riƙe kibiya a jikin baka. Kibiya tana yin wutsil-wutsil in ta bar tsirkiya, iska tana kautar da ita, kuma a nesa sama ake harba ta ta sauko, har ta tsallake abin da ke tsakani. Masu wasan gwaninta na yau suna iya sa ta karkata gefe in sun sauya mata gashi ko wurin ɗanawa, amma tana rasa ƙarfi. A ce ta kewaye mutum a ɗan taƙi, ta shiga wuyan na bayansa da ƙarfin kisa, daga hannun wanda kibiya ta riga ta huda ƙirjinsa, wannan sai a fim. Damisar nan ma ta kwamfuta ce kuma ta nuna, ko da yake damisa kam akwai ta a tsaunukan Koriya a wancan zamani, har tana cin mutane.

Duk da haka ina ganin fim ɗin ya cancanci kasuwar da ya yi. Ya fito a watan Agustan 2011, Kim Han-min ne darakta, kuma sama da mutum miliyan 7 suka sayi tikiti a ƙasar da mutanenta suke kimanin miliyan 50. Babu fim ɗin gida da ya kamo shi a shekarar. Sirrin a wurina shi ne an bar baka ya tsara labarin. Faɗan takobi mutum biyu ne a hoto guda, darakta ya iya ɓoye kasawarsa da saurin yanka hoto da ƙarar ƙarfe. Faɗan baka wurare biyu ne, da fili a tsakani, kuma in mai kallo bai gane inda kowa yake ba, komai ya rushe. Dole a nuna maka gangaren, da itacen da aka laɓe, da inda ciyawa take kaɗawa. A filayen harbi na Koriya akwai ƙa'idojin da ake rubutawa a bango, na farkonsu yana cewa ka fara duba yanayin ƙasa, sannan ka duba iska. Rabin fim ɗin na biyu kamar a kan wannan layi aka gina shi. Kowane harbi yana tona inda maharbi yake, don haka sai ya tashi. Kibau suna ƙarewa a kwari, sai an ƙirga. Nam-yi yakan raunata mutum guda don ya tsayar da waɗanda za su ɗauke shi. Jyushinta kuma, wanda Ryu Seung-ryong ya fito a matsayinsa, yana ɗaukar kibiya mai jan gashi ya juya ta a hannu, yana karanta mai ita yadda maharbi yake karanta sawu. Kafin su haɗa ido sun riga sun san juna. Masu sharhi a Koriya sun ce tseren dajin ya yi kama da na Apocalypto ƙwarai, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma wannan lissafi na nisa da iska da adadin kibau nasa ne.

Yanzu ga inda aka yi kwaskwarimar. Farkon fim ɗin, inda aka kashe mahaifin Nam-yi da ƙanwarsa, juyin mulkin 1623 ne, lokacin da aka tuɓe Sarki Gwanghae aka naɗa Injo. Gwanghae yana taka-tsantsan tsakanin daular Ming ta Sin da Manchu masu tasowa. Waɗanda suka kifar da shi 'yan ga-ni-kashe-nin Ming ne. Manchu suka shigo a 1627 suka tilasta sulhu. A 1636 shugaban Manchu, Hong Taiji, ya naɗa kansa sarkin sarakuna, ya sa wa daularsa suna Qing, jakadun Joseon da ke wurin bikin suka ƙi durƙusawa. Ƙarshen shekarar ya taho da kansa. Dawakinsa suka taka Kogin Amnok, wanda ake kira Yalu, a kan ƙanƙara, suka bar garuruwa masu ganuwa a bayansu ba su tsaya yaƙarsu ba, cikin 'yan kwanaki suna bakin Seoul. Sarki bai samu hanyar tsibirin Ganghwa ba, ya gudu ganuwar Namhan da ke kan tsauni. Kwana 47 aka yi masa ƙawanya, abinci ya ƙare, sanyi yana cin yatsun sojoji. A farkon 1637 ya fito, a wani wuri da ake kira Samjeondo ya durƙusa sau uku ya kai goshi ƙasa sau tara a gaban Hong Taiji. Aka tafi da 'ya'yansa biyu garkuwa. To ka ga tun daga yanayi an sauya: yaƙin tsakiyar hunturu ne, amma a fim kogi yana gudu, daji babu dusar ƙanƙara. Yarima Dorgon da aka ƙone a tanti kuwa sunan kawai aka ara. Dorgon na tarihi ƙanin Hong Taiji ne, shi ya ci Ganghwa a wannan yaƙi, daga baya ya riƙe daular gaba ɗaya a matsayin muƙaddas, bai mutu ba sai 1650.

Babbar kwaskwarimar ita ce bindiga. A 1636 baka ya riga ya fara sauka daga kujerarsa a rundunar Joseon. Mamayar Japan ta 1592 ta koya musu darasi mai ɗaci da bindigar ɗuri mai lagwani, tun 1593 suka kafa sabuwar rundunar horo mai kashi uku, 'yan bindiga da 'yan baka da masu gaba da gaba, kuma 'yan bindiga suka yi ta rinjaye. Dalilin a fili yake. Maharbi sai an shekara da shekaru ana rainonsa, manomi kuwa wata kaɗan ya ishe shi ya iya ɗura albarushi. Ga tsadar bakan kansa: babu ɓaunar ruwa a Koriya, ƙahon daga waje ake sayo shi, Ming tana taƙaita fitar da shi, sun ma gwada kiwonta a ƙarni na 15 abin bai ɗore ba. Ga kuma damina, wadda ke sassauta mannen kifin. Wannan rauni sananne ne tun da daɗewa. A 1388, da aka tura Janar Yi Seong-gye yaƙar yankin Liaodong da ke hannun Ming, cikin dalilai huɗu da ya kawo na ƙin tafiyar har da cewa ruwan bazara zai narkar da mannen bakuna. Ya juyo da rundunar daga tsibirin Wihwa, bayan shekara huɗu ya kafa daular Joseon. Saboda haka babban jami'in Manchu da aka kashe a wannan yaƙi na 1636 zuwa 1637, Yangguri, surukin gidan sarautarsu, harsashi ne ya kashe shi a tsaunin Gwanggyo. A Ssangnyeong kuma rundunar kudu ta watse a gaban dawakin Manchu, albarushinsu ya kama da wuta a tsakiyar sansani. In da gaskiyar fagen fama ake bi, jarumin fim ɗin ɗan bindiga ne.

Me ya sa aka ba shi baka? Domin labarin na wanda ƙasarsa ta yasar ne. Nam-yi ɗan wanda aka kira maci amana ne, ba shi da damar jarrabawa ko muƙami, ba ya cikin runduna. Bindiga kayan hukuma ce, sai da rumbun albarushi da sahu da mai ba da oda. Baka kuwa gadon uba ne, mutum guda ya rataya ya shiga daji. Kuma ciwon da fim ɗin yake taɓawa na gaske ne. An kora mutane masu ɗimbin yawa zuwa arewa. Adadin da aka saba ambata, wanda fim ɗin ma ya ɗauka, 500,000 ne, ko da yake masana tarihi da dama a yau suna ganin an kai shi sama. A Shenyang, babban birnin Manchu a lokacin, an buɗe kasuwar fansa, masu hali suka biya kuɗi masu yawa don nasu, farashi ya tashi, talaka ya rasa yadda zai yi. Yarjejeniyar miƙa wuya ta wajabta wa Joseon ta mayar da duk wanda ya gudo. Matan da suka samu dawowa kuma, wasu gidajen manya suka nemi a raba aurensu, wai sun ɓaci. Ƙasar da ta sha wannan kaye ba ta da nasarar da za ta nuna a majigi, sai a ba ta mutum guda da ya dawo da mace guda.

Amma son bakan ya girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba. Ƙasar tsaunuka ce, kusan kashi 70 cikin 100, kuma dabarar tsaronsu tun fil azal ita ce a hau ganuwa a kan tudu a yi ruwan kibau. Jumong, wanda da yawanmu muka sani ta fim mai dogon zango na 2006, littafin tarihinsu na Samguk Sagi ya ce sunansa ma'anarsa gwanin harbi, kuma shi ake danganta wa kafa tsohuwar daular Koriya ta Goguryeo a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A bangon wani kabarin Goguryeo da ake kira Muyongchong akwai zanen mahaya suna bin barewa da damisa, ɗaya ya juyo yana harbi ta baya. A Joseon harbi yana cikin fannoni shida da koyarwar Confucius ta ɗora wa mai ilimi, don haka malamin da zai ji kunyar riƙe takobi ba ya jin kunyar baka. Sarki Jeongjo, a ƙarshen ƙarni na 18, an rubuta cewa ya sha samun 49 cikin kibau 50, ta ƙarshen ya bar ta da gangan don kada ya cika. Kundin da Yi Sun-sin, babban kwamandan ruwansu, ya riƙa rubutawa kullum cike yake da yau mun harba kaza, ana ƙirgawa biyar-biyar. Takobin sojan Joseon gajere ne, ana rataye shi da ƙotar tana kallon baya don kada ta tokare hannu wajen jan baka. Duk sojan da ka gani a fim yana yawo da takobi a hannu kamar sanda, sauƙin aikin masu shirya fim ne. Su da kansu suna da magana cewa Sin mashi, Japan takobi, Koriya baka. Matansu kuma sun ci zinaren ƙungiya a kowace Olamfik daga 1988 zuwa 2024, sau goma a jere, ko da yake wancan bakan da wannan sunan kawai suka haɗa.

Game da abin da za ka kalla, fara da The Fortress na 2017, na Hwang Dong-hyuk, wanda daga baya ya yi Squid Game. Yaƙin guda ne, amma daga cikin ganuwar Namhan, da sanyin da yunwar da bindigogin da wancan ya ɓoye, da ministoci biyu suna jayayya kan a miƙa wuya a rayu ko a mutu da mutunci. Babu gudu da tsalle sosai, kada ka shiga da wannan tsammani. Abin dariyar shi ne Park Hae-il, Nam-yi ɗinka, shi ne ya fito a Sarki Injo, mutumin da juyin mulkinsa ya mayar da Nam-yi maraya. In harbin kake so, nemi Musa na 2001. Sunan ba na Annabi ba ne, kalmar Koriya ce mai nufin mayaƙi. Labarin tawagar Goryeo ce, daular da ta gabaci Joseon, da ta maƙale a hamadar Sin a 1375, kuma Ahn Sung-ki ya fito a tsohon soja ɗan baka wanda ba ya ɓarnar kibiya ko magana. A ganina har yau ba a yi maharbin da ya fi shi kama da na gaske ba.

The Great Battle na 2018 kuwa ka kalle shi don nishaɗi. Ƙawanyar da aka yi wa Ansi, wani gari mai ganuwa na Goguryeo, a 645 ta faru, Sarki Taizong na daular Tang ta Sin ya gina tudun ƙasa don ya fi ganuwar tsawo, tudun ya rufta, masu gari suka ƙwace shi, sanyi ya kore shi gida. Amma kibiyar da ta tsone masa ido a fim ɗin, irin ɗan hakin da ka raina, ba ta cikin rubutun zamanin. Sai bayan shekaru ɗari bakwai ta ɓullo a waƙar wani malamin Goryeo. Ko sunan sarkin garin, Yang Man-chun, daga baya aka samo shi, domin Samguk Sagi da aka kammala a 1145 cewa ya yi sunan ya ɓace. Harbin da ke cikinsa ma na jarumai ne masu tashi sama.

In kun sake zama da abokan naka, ku mayar da War of the Arrows baya zuwa inda Nam-yi yake ɗana kibiya, ku tsayar da hoton, ku dubi hannunsa na ja da gefen da kibiyar ta kwanta. Daga nan ku riƙa yi wa kowane fim ɗin tarihi na Koriya wannan gwaji. In kun ga jarumi sanye da sulken Goguryeo yana jan tsirkiya da yatsu uku zuwa haɓa, to wanda ya koya masa daga filin Olamfik aka ɗauko shi.